Hannu ko inji: wanne ya fi dacewa da mai shanun tatsa kaɗan a Legas?

Tun da aka hana kiwon sake a jihar Legas a watan Satumba na 2021, yawancin masu riƙe da shanun tatsa a bayan gari, daga Ikorodu har Epe, mun koma kiwon turke da ɗan shinge. Saniya ta daina zuwa wurin ciyawa, ciyawa ake kawo mata, da dusa, da ruwa, kuma duk da kuɗi. Wannan ya sa mutane suka fara neman shanun da za su biya abincinsu, wato 'yan haɗin Firishiyan, shanun Turai masu yawan madara, da Bunajinmu na gida. Da zarar mutum ya ɗaure irin wannan saniya a turkensa kuwa, tambayar da ke biyo baya guda ce: ya sayi injin tatsa ne, ko ya ci gaba da hannu? A 'yan watannin nan an yi min ita a bakin masallacin Juma'a a Agege, an yi min ita a kara, an yi min ita ta waya, kuma kowa dalilinsa ɗaya: wai madarar inji ta fi tsafta tunda hannu bai taɓa ta ba.

Na yi aiki da duka biyun. Shanu biyar nake tatsa a wani fili bayan Ikorodu, uku 'yan haɗi, biyu Bunaji, kuma kindirmo muke yi ana kai wa masu fura a Mile 12 da Agege. Abin da zan faɗa a nan na mai saniya biyu zuwa goma ne, wanda shi da iyalinsa ko yaro ɗaya suke aikin. Mai babbar gona lissafinsa daban ne.

Madarar da ke cikin hantsar lafiyayyar saniya kusan babu ƙazanta a cikinta. Ƙazanta tana shiga ne a kan hanya: daga fatar nono, daga abin da ya kama nonon, ko hannu ko roba, daga mazubi, daga ƙuda da ƙura. Bayan ta shiga sai zafi da lokaci su ninka ta. Madara tana fitowa da ɗumin kusan digiri 37, a garin da rana kan haura digiri 30, kuma a irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30. Allah ya sanya wa sabuwar madara wata kariya ta kanta da ke riƙe ta na wajen awa biyu zuwa uku. Daga nan kuma sai abin da ka zuba a cikinta ya fara aiki. A Tarayyar Turai ba a karɓar ɗanyar madarar da ƙwayoyinta suka wuce 100,000 a cikin mililita ɗaya, wato wajen ɗigo ashirin. Mai tatsa da hannu yana iya tsayawa ƙasa da wannan iyaka, mai inji kuma yana iya wuce ta ninkin ba ninkin. Don haka abin dubawa shi ne ta wace ƙofa kowannensu ke shigo da ƙazanta, kuma wace ƙofa za ka iya rufewa da abin da kake da shi a Legas.

Falalar hannu ita ce duk abin da madara za ta taɓa kana ganinsa da idonka: tafinka da bokitinka, shi ke nan. Aibinsa kuma bokitin a buɗe yake a ƙarƙashin saniya. Gashi yana faɗawa, busasshen kashi yana ɓarewa daga cinya, wutsiya ta kaɗa ta watso taɓo, ƙuda ya sauka. A watan Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, saniyar turke tana kwanciya ne cikin caɓi, da asuba ka tarar da hantsarta ta yi damɓa-damɓa. Duk waɗannan suna da magani mai araha, in dai ba a yi kasala ba. A ware wurin tatsa daban da wurin kwana, a yi masa daɓen siminti mai ɗan gangara da rufi. A ɗaure wutsiya tare da dabaibayi. A rage gashin hantsa da almakashi. A wanke nonuwan da ruwan ɗumi, sannan a goge su har su bushe ƙarau, domin ruwan da ya gangaro daga jiƙaƙƙiyar hantsa ya taru a kan nono ya fi taɓon kansa illa, kai tsaye bokiti yake nufa. Kowace saniya da tsummanta. Tsumma ɗaya a garke guda shi ne babban mai yawo da ciwon hantsa daga wannan zuwa waccan. Nakan yanka tsohon farin yadi gida goma, a tafasa su bayan kowace tatsa, a shanya.

Akwai wata ɗabi'a da muka gada wadda nake roƙon a bari: tsoma yatsu cikin madara don hannu ya yi santsi. Abin da ke ƙarƙashin farce da abin da ke fatar nono duk sai sun narke sun ɗiga a ciki. Busasshen hannu, yankakken farce, a damƙi nonon da tafi gaba ɗaya, babban yatsa da manuni su rufe sama, sauran yatsu su matso ƙasa bi da bi. Ja da yatsa biyu yana miƙar da nono, lanƙwasa babban yatsa a danna da gaɓarsa kuwa yana ƙuje cikinsa. Wasu Bunajin gajerun nonuwa gare su, dole sai an ɗan ja, to a yi a hankali. Mai tari, mai gudawa, mai gyambo a hannu, ya huta da tatsa har ya warke.

Sai mazubi. Ina ganin girman ƙwarya, da ita iyayenmu suka tatsa, kuma matan Fulani sun san yadda ake wanke ta, a kife ta a rana ta bushe tas. Amma ranar Arewa ce take yin wannan aiki. A nan kurmi, a tsakiyar damina, ka kife ƙwarya da safe ka dawo da la'asar tana nan da danshinta, bayan mako guda ka ga baƙi-baƙin fumfuna a tsagunta. Bokitin roba shi ma yana karcewa, maiƙo ya zauna cikin karcen. Mafi muni ita ce jarkar man girki da ake mayarwa ta madara: bakinta ba ya shigar hannu, ba wanda ya taɓa goge kusurwoyinta. Bokitin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai murfi, marar ɗinkin walda a ciki, da gwangwanin alminiyam mai faɗin baki na ɗaukar kaya, su ne sayayyar farko ga duk mai tatsa da hannu.

Yanzu ga inji. Ƙaramin injin da ake kawowa daga Turkiyya, Sin da Indiya keke ne mai taya biyu, da mota, da famfon zuƙar iska, da gwangwani. Kofuna huɗu suna kama nonuwa huɗu, cikin kowane kofi akwai roba mai matsewa da saki wajen sau 60 a minti, madara ta haɗu a wata 'yar mahaɗa a ƙarƙashin hantsa, ta bi dogon tiyo ta faɗa rufaffen gwangwani. Gaskiyar masu yabonsa a nan take: daga nono har gwangwani madara ba ta ganin iska, ba gashi, ba ƙuda, ba wutsiya. Ranar farko da na tace madarar inji a farin ƙyalle ban ga ko ɗigon datti ba, har na kira mai ɗakina ta gani.

A mako na uku da fara tatsa da inji, wata baiwar Allah da ta shekara tana karɓar kindirmonmu a Mile 12 ta tsayar da ni. Ta buɗe robar, ta sa ludayi, ta ɗaga. Ruwa a sama, gudaji a ƙasa, ga wani ɗan wari kamar na tsohuwar jarka.

"Alhaji, nonon nan naka ya canja. Ko ka sake iri ne?"

"Hajiya, irin nan dai shi ne na kullum."

"To ka bincika gida. Kwana uku ke nan ana dawo min da fura."

Na ji nauyin maganar ƙwarai, don amana ce tsakaninmu. Washegari na kira likitan dabbobin da ke duba mana shanu. Bai ko kalli shanun ba tukuna, wurin injin ya nufa. Ya kwance mahaɗar, ya zare roba guda daga kofinta ya juya cikinta waje. Abin da na gani ba zan manta ba: wani rawaya-rawayan danƙo a maƙale a lungun mahaɗar, da farin ɓawo mai tauri kamar na cikin tsohuwar butar shayi a jikin tiyo, robar kuma ta yi santsin maiƙo. Ya ce, "Alhaji, da me ake wanke wannan?" Na ce da garin sabulu da ruwan rijiya, safe da yamma, ba a taɓa fashi ba. Ya ce to wajensa ake wankewa, cikinsa kuwa kowace sabuwar madara ta cikin ta jiya take bi.

A nan ne duk bambancin yake, kuma masu sayar da inji ba kasafai suke tsayawa a kansa ba. Bokiti fuska ɗaya gare shi. Inji yana da robobi huɗu, gajerun tiyo huɗu, mahaɗa, dogon tiyo, murfi da robar bakinsa, kuma yawancinsu ido ba ya kaiwa cikinsu. Wankinsu hawa uku ne, a kowace tatsa. Da farko ɗauraya nan take da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wajen digiri 40: ruwan sanyi yana daskarar da maiƙo, tafasasshe kuma yana dafa furotin ya manne. Sannan ruwan zafi na digiri 70 zuwa 80 da sabulun inji mai kaifin kanwa, injin ya zuƙe shi ta cikin kofunan, a bi da dogon buroshi, a zubar tun bai huce ba, don idan ya huce maiƙon da ya narke komawa yake ya kwanta. Na uku ɗauraya da ruwa mai kyau, a rataye komai ya tsane. Ban da wannan, sau ɗaya ko biyu a mako sai an bi da sinadari mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon nan, domin sabulu ba ya taɓa shi. Ruwan rijiyoyi da burtsatse na wasu unguwannin Legas yana da tsatsa, na kusa da gaɓa yana da gishiri-gishiri, kuma irin wannan ruwa yana saurin tara ɓawo. A lissafina kowane wanki yana cin kusan jarka guda mai lita 25, kashi ɗaya cikin uku nata sai an ɗora a wuta. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, yana sayen gas da kilo, ya ninka wannan sau biyu a rana, sau talatin a wata, kafin ya yanke shawara.

Robobin kuma suna da wa'adi. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce a canja baƙar roba bayan tatsa 2,500 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Mai shanu huɗu da ke tatsa sau biyu a rana, tatsa takwas ke nan kullum, zai kusan shekara bai kai 2,500 ba, amma wata shidan zai riske shi, kuma zafi da danshin Legas ba sa raga wa roba. Tsohuwar roba tana yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, nan ƙwayoyin cuta ke zama.

Batun lafiyar hantsa shi ne wanda na fi so a yi wa dogon tunani, don madara ta lalace a zubar a sake wata gobe, amma nono ɗaya ya mutu ya mutu ke nan, saniya ta koma mai uku. Hannu yana jin abin da inji ba ya ji. Mai tatsa da hannu shi ne na farko da zai ji ɓangare ɗaya ya yi zafi, ko ya yi tauri, ko saniya ta ɗaga ƙafa da an taɓa. Inji kuwa zuƙa kawai ya sani. Ƙarfin zuƙarsa bai kamata ya haura 50 a layin da aka rubuta kPa a agogon iskar da ke jikinsa ba, kuma ya tsaya wuri ɗaya. Idan wuta tana rawa, ko ƙaramin janareta yana ja yana saki, allurar agogon ma rawa take, kofi ya zame ya sha iska da wata ƙara kamar ta tsotso, a wannan lokaci ɗigon madara kan koma baya ya buga kan nonon da ke kusa, ya tura masa abin da ya ɗauko. Idan kuma aka bar kofuna a jiki bayan madara ta ƙare, saboda yaro ya tafi ɗebo dusa, bakin nonon yakan yi wani kaurin zobe mai kaushi, ya daina rufewa da kyau. Robar da ta fito daga saniya mai ciwo ta shiga ta gaba kuwa, aikin tsumman nan guda ɗaya take yi. Ingantaccen inji da aka saita daidai yana tatsa iri ɗaya kullum, ba gajiya, ba fushi, kuma ya fi mugun hannu sau goma. Amma hannun gwani ya fi injin da ba a saita ba, kuma a wajenmu mai saita shi ba a kowace unguwa yake ba.

Ko da wanne kake tatsa, abu uku ba sa faɗuwa. Tsirtuwar farko biyu zuwa uku daga kowane nono a tatse ta cikin baƙin kofi a duba, in akwai gudaji, zare-zare ko ruwa-ruwa za su fito fili a kan baƙi. Kada a tsirta a ƙasa inda wata za ta kwanta. Bayan tatsa a tsoma kowane nono cikin ruwan aidin na tsoma nono, domin ƙofar nono takan zauna a buɗe rabin awa ko fiye, shi ya sa ake zuba abinci nan take don saniya ta tsaya a tsaye kada ta kwanta a taɓo. Na uku gwajin ɓoyayyen ciwon hantsa, wanda ba kumburi ba gudaji amma yana rage madara yana ɓata kindirmo. Akwai gwajin da aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1957, ana ce masa CMT: faranti mai gurbi huɗu, a tsirta madarar kowane nono a gurbinsa, a zuba ruwan gwajin daidai da ita, a juya. In ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, wannan nono yana da ciwo, sojojin jini sun taru a cikinsa. A lafiyayyen nono ba sa wuce 200,000 a mililita. Sau ɗaya a wata ya isa. Wadda gwajin ya kama ita ce ta ƙarshe a layin tatsa, karsana mai haihuwar fari kuwa ita ce ta farko.

Ita kanta saniyar tana da ta cewa. Sakin nono aikin wani sinadari ne da jikinta ke fitarwa wajen minti ɗaya bayan an shafa hantsa, kuma ƙarfinsa ba ya wuce minti biyar zuwa takwas. Tsoro ko hayaniya suna tare shi. 'Yar haɗi takan saba da inji cikin 'yan kwanaki, ta saki nono ko babu ɗanta. Bunaji da Bokoloji kuwa sai sun ga maraƙi, sai ya ɗan tsotsa, sannan a janye shi a ɗaure kusa da kanta, a goge yawunsa, a tatsa, a bar masa rabonsa. Bunajina biyu ba su taɓa yarda da ƙarar janareta ba, da an tayar sai su riƙe nono ƙam. Kuma ko sun yarda, saniyar da ke ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana, wani kason ma a jikin tiyo zai tsaya. Wani dattijo Bafulatani da ke taya mu, muna ce masa Baffa, ya dube ni ranar da muke ta fama da su ya ce, "Ɗana, bar min waɗannan biyun, ni da su mun san juna." Ya zauna a kan 'yar kujerarsa, ya jingina goshi a kwiɓinta yana mata magana ƙasa-ƙasa, kafin minti shida ya gama. Saboda haka mai shanun gida zalla, maganar inji ba tasa ba ce.

Lokaci fa? A wurina 'yar haɗin da ke ba da lita biyar a tatsa ɗaya tana cin minti takwas zuwa goma da hannu, shida ko bakwai da inji. Shanu uku da hannu rabin awa ke nan, wankin bokiti minti biyar. Da inji minti ashirin, amma haɗawa da kwancewa da wanki na gaskiya suna cin wata rabin awar, kuma wannan rabin awar ba ta raguwa ko saniya ɗaya ka tatsa, ba ta ƙaruwa ko goma ka tatsa. Sai shanu sun kai bakwai ko takwas, masu madara sosai, sannan inji yake fara mayar maka da lokacinka. Ga kuma wuta: tatsar asuba ba ta jiran a kawo wuta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da tayar da janareta sau biyu a rana yake nufi. Ranar da duk suka ƙi, saniyar da ta saba da inji sai an tatse ta da hannu, don haka ko mai inji ba ya rabuwa da bukatar wanda ya iya hannu.

Hujja mafi ƙarfi ta sayen inji a Legas, a ganina, ba tsafta ba ce, hannun aiki ne. Gwanin tatsa yana da wuyar samu a nan. Yaron da ka koya wa aiki, da ruwan farko ya sauka a gida sai ya nemi izinin tafiya noma, wani da sallah zai tafi bai dawo ba. Dattijon da yatsunsa suka fara ciwon sanyi ba zai iya da 'yan haɗi shida safe da yamma ba. Matar da ke riƙe da shanu ita kaɗai, ga yara ga girki, inji yana iya zame mata sauƙi na gaske. Waɗannan dalilai ne masu kyau, kuma wanda ya saya saboda su ya san abin da ya saya.

Akwai kuma abubuwan da hannu da inji duk ba ruwansu da su. Bakkale, mai sa saniya ɓari, da tarin fuka na shanu suna bi ta ɗanyar madara su kama mutum, ko da bokitin zinariya aka tatsa. Maganinsu gwajin likita kafin a sayi saniya, da dafa madara: digiri 63 na rabin awa, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, wanda ba shi da ma'aunin zafi kuma ya bar ta ta tafaso yana motsawa. Tsamin kindirmo shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, a dafa, a huce, sannan a sa iri. Saniyar da aka yi wa allurar teramaisin ko aka matsa wa magani a nono, madararta ba ta sha ba ce ba ta sayarwa ba ce sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Tafasawa ba ta fitar da maganin, kuma sau da yawa shi ne ke hana kindirmo kamawa. Dusa da ƙuliƙulin da suka yi fumfuna a ɗakin ajiya mai danshi suna da gubar da ke ratsa saniya ta fito a madara, ita ma wuta ba ta kashe ta. A ɗora buhuna a kan katako, kada a sayi abin da ya wuce na mako biyu da damina. Dakashi na kwanakin farko na maraƙi ne, kada ya shiga gwangwanin sayarwa.

Sannan sanyi, wanda a Legas ya fi komai. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Ikorodu da safe ya san tafiyar da ya kamata ta ci minti arba'in tana iya cin awa uku a gosulo, madara kuma tana bayan mota tana ɗumi. Abin nema shi ne a saukar da ita digiri 4 cikin awa biyu, ko a dafa ta cikin wannan lokaci. Tura gwangwani mai lita 20 cikin firiza ba ya yin wannan, gefe ne zai yi sanyi tsakiya na nan da ɗuminta. Abin da ke aiki shi ne a tsayar da gwangwanin ƙarfe cikin baho mai ruwa da ƙanƙara ana motsa madarar da tsaftataccen ludayi lokaci-lokaci. Lita 10 tana bukatar ƙanƙara kilo huɗu zuwa biyar. Firizar aikinta ta haɗa maka ƙanƙarar a lokacin da akwai wuta, ƙanƙarar ta yi maka aiki a lokacin da babu. Kada a zuba ɗumammiyar madarar safe a kan sanyayyar ta daren jiya sai ita ma ta yi sanyi. Cibiyoyin karɓar madara na kamfanoni a jihar Oyo, irin na Fashola da Iseyin, a bakin ƙofa suke gwada ta kafin su karɓa. Kai ma kana iya gwada taka da cokali: ɗiba kaɗan ka ɗora a wuta, in ta tsinke ta yi gudaji, ta riga ta fara tsami.

To wa ya kamata ya saya? Idan shanunka na gida ne, ko 'yan haɗin ba su wuce biyar ko shida ba, kana sayen ruwa, wutarka ba ta da tabbas, kuma akwai mai hannu a gidan, ka zauna a kan hannu. Kuɗin injin ka raba su: daɓe da rufin wurin tatsa, bokiti da gwangwanin ƙarfe, firiza, farantin gwaji, aidin, ma'aunin zafi. Ni haka na yi daga baya, kuma tun daga lokacin Hajiyar Mile 12 ba ta sake dawo min da roba ba. Injina yana Epe yanzu wurin wani abokina mai 'yan haɗi goma sha biyu, da burtsatsensa, da sola, da yaron da aikinsa kawai wanki. A can yana aiki lafiya lau, madararsa kuma ba ta da abin kushewa.

Idan halinka irin nasa ne, ko hannun aiki ya gagare ka, to saya, amma ka je shagon da tambayoyinka. Gwangwanin ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Agogon iska ya kasance a jiki, tare da makunnin daidaita shi, a tayar a gabanka ka ga allurar ta tsaya cak. Ka sa babban yatsanka cikin kofi ka ji matsi da saki suna tafiya daidai. Mahaɗar ta zama mai kwancewa da hannu, tiyon madara kuma mai haske wanda ake hango cikinsa. Ka auna girman robar da nonuwan shanunka. Ka tambayi dogon buroshi, da sabulun inji, da sinadarin tsami, da wanda zai zo gyara. A ƙarshe ka ce a kawo maka robobin canji saiti biyu ka biya tare. In mai shagon ya ce ba ya ajiye su, sai an yi oda, ka mayar da kuɗinka aljihu ka duba wani shagon.